Me Yake Sauyawa a Ƙwaƙwalwa Idan Mutum Ya Koyi Abu?

Tambaya: Wani malamin firamare da ya koma karatun digiri bayan ya haura shekara arba'in ya aiko yana tambayar abin da yake faruwa a cikin ƙwaƙwalwa a lokacin da mutum yake koyo. Shin sababbin ƙwayoyi ne suke tsirowa? Me ya sa abin da ya kwana yana karantawa a daren jarrabawa yake gushewa bayan mako guda, alhali surorin da ya haddace yana yaro suna nan daram? Ko dai ƙwaƙwalwar babba ta riga ta daskare ne?

Amsa: Malam, sashen tambayarka da ya fi sauƙin amsawa shi ne na sababbin ƙwayoyi, don haka da shi zan fara. Galibin ƙwayoyin jijiyar da ke cikin kanka yau tun kana jariri suke nan. Ƙididdigar da aka fi dogara da ita, wadda Suzana Herculano-Houzel 'yar ƙasar Burazil da abokan aikinta suka fitar a shekarar 2009, ta nuna cewa ƙwaƙwalwar babban mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma wannan adadi ba ya ƙaruwa don ka koyi sabon darasi. A shekarar 1998 wasu masu bincike a Suwidin sun ba da rahoton cewa ana haifar 'yan sababbin ƙwayoyi a wani lungu guda na ƙwaƙwalwar manya, amma a 2018 bincike biyu suka fito kusan lokaci ɗaya, ɗaya yana tabbatar da hakan, ɗaya yana cewa da ƙyar ake ganinsu. Ko da maganar ta tabbata, ba ita ce ginshiƙin koyo ba. Abin da yake sauyawa shi ne alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin da ake da su, wato wace ƙwaya ce take aika wa wace saƙo, da wane ƙarfi, kuma da wane irin sauri saƙon yake isa.

Kowace ƙwayar jijiya tana da rassa masu yawa da take karɓar saƙo da su, sannan tana da doguwar igiya guda ɗaya da take aika nata saƙon ta cikinta a matsayin ɗan motsin lantarki. Inda ƙarshen igiyar wata ƙwaya ya sadu da reshen wata, nan ne mahaɗa, wadda masanin nan na Ingila Charles Sherrington ya raɗa wa suna a 1897. Ƙwayoyin biyu ba sa taɓa juna a mahaɗar. Akwai ɗan gibi a tsakaninsu wanda faɗinsa kimanin kashi ɗaya cikin dubu hamsin na milimita ne, kuma lantarki ba ya tsallake shi, sai dai ƙwaya ta farko ta fesa wani sinadari ya haye zuwa ɗaya gefen, inda waɗansu makarɓai suke jiran sa. Ƙwaya ɗaya tana iya mallakar dubban irin waɗannan mahaɗai. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifaniya, wanda ya shafe rayuwarsa yana zana waɗannan ƙwayoyi da hannu daga abin da yake gani a madubin likita, ya faɗa a wata lacca da ya yi a Landan a 1894 cewa mai yiwuwa horar da hankali yana ƙarfafa mahaɗan ne, yana kuma tsirar da sababbin rassa. A 1949 Donald Hebb ɗan Kanada ya tsara maganar ta zama ƙa'ida, cewa idan wata ƙwaya tana yawan taimakawa wajen tayar da wata, to alaƙarsu za ta ƙara ƙarfi. Dukansu biyu hasashe suka yi, domin ba su da kayan aikin da za su gani da ido.

An fara ganin abin ne a birnin Oslo na ƙasar Norwe. A 1966 Terje Lømo yana gwaji a kan zomaye, sai ya lura cewa idan ya aika wa wata hanyar jijiya saƙonnin lantarki a jere da sauri na 'yan daƙiƙu, to bayan haka ko saƙo guda ya aika sai amsar ta zo da ƙarfin da ya fi na da, kuma ƙarfin ba ya komawa nan take. Shi da Timothy Bliss suka bi diddigin lamarin, suka wallafa sakamakon a 1973, inda suka nuna cewa ƙarfafuwar takan daɗe har sa'o'i. Wannan ita ce ƙarfafuwa mai dogon zango da masana suke taƙaitawa da LTP, kuma a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus aka gano ta, sashen da zan dawo kansa.

Yana da kyau mu matsa kusa mu ga yadda hakan yake faruwa a mahaɗa guda, domin a nan amsar tambayarka take. Sinadarin da aka fi fesawa a irin waɗannan mahaɗai shi ne gulutamet, kuma a gefen ƙwaya mai karɓa akwai makarɓansa iri biyu. Na farko, wanda ake kira AMPA, shi ne mai aikin yau da kullum, da zarar gulutamet ya sauka a kansa sai ya buɗe, ɗan lantarki ya shiga. Na biyu, NMDA, yana da sharaɗi. Bakinsa a toshe yake da ƙwayar sinadarin magniziyom, kuma ko gulutamet ya sauka a kansa ba zai wuce da komai ba sai idan a daidai wannan lokacin ita ma ƙwaya mai karɓar ta riga ta motsa sosai, domin motsin nata ne yake tunkuɗe toshiyar. Ke nan wannan makarɓi ba ya buɗewa sai ɓangarorin biyu sun yi aiki a tare, wanda shi ne ainihin sharaɗin da Hebb ya yi hasashe. Idan ya buɗe, sai kalsiyom ya kwarara ciki, ya tayar da waɗansu sinadarai masu aiki a cikin ƙwayar, su kuma su jawo ƙarin makarɓan AMPA daga ma'ajiyarsu su dasa su a bakin mahaɗar. Daga nan, adadin gulutamet ɗin da a da yake haifar da ƙaramar amsa sai ya riƙa haifar da babba. Duk wannan yana kammala cikin mintuna, kuma da kayan da ke ajiye a wurin ake yin sa, ba a ƙera wani sabon abu ba.

Mai hankali zai tambaya ko wannan abu na ɗakin gwaji yana da alaƙa da koyo na gaske, kuma masana sun daɗe suna wannan gardama. A 1986 Richard Morris ya saka ɓeraye a cikin kwarmin ruwa mai duhu wanda aka ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashinsa. Ɓera mai lafiya yakan koyi inda dandamalin yake bayan 'yan gwaje-gwaje, ya riƙa nufarsa kai tsaye, amma waɗanda aka ba maganin da ke toshe makarɓin NMDA sun ci gaba da iyo suna lalube duk da cewa ganinsu da iyonsu lafiya lau. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ta zo a 2014 daga birnin San Diego na Amurka, inda aka koya wa ɓeraye tsoron wata alama, sannan aka yi amfani da haske aka raunana mahaɗan da suka ɗauki darasin, sai tsoron ya ɓace, aka sake ƙarfafa su, sai ya dawo.

To, me ya sa karatun daren jarrabawa ba ya zama? A nan aikin Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya fi kowane haskakawa. Ya zaɓi wata katantanwar teku marar kwanso mai suna Aplysia, domin ƙwayoyin jijiyarta kimanin dubu ashirin ne kacal, kuma wasunsu manya ne har ana iya gane kowace a bi ta daga dabba zuwa dabba. Idan aka taɓa wannan dabba a wani wuri takan janye gaɓar numfashinta. Idan aka ɗan ja mata lantarki a wutsiya sau ɗaya, sai janyewar ta ƙara tsanani na wasu mintuna, sannan ta koma yadda take. Idan kuwa aka maimaita sau huɗu ko biyar da tazara a tsakani, sai darasin ya kwana, idan aka yi kwanaki ana yi ya kai makonni. Da aka duba ciki, sai aka tarar cewa waɗannan matakai biyu ba abu ɗaya ba ne da ya bambanta a tsawo kawai. A mataki na farko gyara ake yi wa kayan da ke wurin. A na biyu saƙo yakan tafi har cibiyar ƙwayar, ya kunna waɗansu ƙwayoyin halitta, a ƙera sababbin furotin, a gina sababbin mahaɗai, har aka ƙirga aka ga adadinsu ya ninka biyu a dabbar da aka daɗe ana horarwa. Idan aka ba ta maganin da ke hana ƙera furotin, takan koya ta riƙe na ɗan lokaci kamar kowa, amma washegari babu komai.

A wani gwajin da Kandel da abokan aikinsa suka yi a 1972, sun kwatanta taɓawa arba'in a zama ɗaya da taɓawa goma a kullum har kwana huɗu. Jimillar ɗaya ce, amma darasin da aka samu daga wanda aka rarraba shi ne ya daɗe har makonni. Maginin ƙasa ya san wannan a aikinsa, ba ya tayar da katanga a yini guda, yakan ɗora sahu ya bar shi ya sha iska kafin ya ɗora wani, in kuwa ya yi gaggawa ya jibga laka a kan ɗanyar laka, tsayin da ya gani da yamma ba shi zai tarar da safe ba. Karatun da ka yi a daren jarrabawa ya ƙarfafa mahaɗai da gaske, shi ya sa ka iya amsa tambayoyin da safe, amma yawancinsa a mataki na farko ya tsaya, kuma ba ka sake komawa kansa ba balle ƙwayoyin su samu dalilin kashe kaya su yi gini. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna wannan a kan kansa tun 1885 ta hanyar haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya ga cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take aukuwa, kuma maimaici da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya tasiri nesa ba kusa ba.

Yanzu ana iya kallon ginin da ido a cikin dabba mai rai. A kan rassan ƙwayoyin akwai 'yan ƙananan tsiro kamar ƙayoyi, kuma kusan kowace ƙaya mazaunin mahaɗa guda ce. A 2009 masu bincike a jihar Kalifoniya suka koya wa ɓeraye zura hannu ta wata 'yar tsaga su ɗauko ƙwayar hatsi, suna leƙa rassa iri ɗaya a kullum ta wata 'yar taga da aka yi a ƙoƙon kai. Cikin sa'a guda da fara koyo sababbin ƙayoyi suka ɓullo. Abin da ya biyo baya ya fi ba ni sha'awa, domin a kwanakin da suka biyo aka riƙa rushe waɗansu tsofaffin ƙayoyi, har jimillar ta koma kusan yadda take tun farko, amma sababbin da horon ya kafa suka tsira. Da aka dawo da ɓerayen kan wannan aiki bayan watanni, sun iya shi ba tare da wata sabuwar ɓullowar ƙayoyi ba, sai da aka ba su wani aiki daban sannan aka sake gani. Saboda haka koyo ba tari ba ne kawai, akwai rushewa da raunanawa a cikinsa. Mahaɗa tana iya raunana kamar yadda take iya ƙarfafa, kuma ɗan kalsiyom kaɗan da ya daɗe yana shiga yakan sa a janye makarɓan AMPA maimakon a ƙara su. Ba don haka ba, da dukan mahaɗai sun cika sun batse, ba a iya bambanta muhimmi da tarkace.

Sannan ba a wuri ɗaya ake ajiye kowane irin ilimi ba. Wannan darasi an koye shi ne daga wani bawan Allah Ba'amurke, Henry Molaison, wanda a 1953, yana ɗan shekara 27, aka yi masa tiyata aka cire mafi yawan hifokamfus ɗinsa na ɓangarorin biyu domin a sauƙaƙa masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta lafa, hankalinsa da maganarsa suna nan, yana tuna ƙuruciyarsa, amma daga ranar bai sake iya riƙe sabon abu ba. Mutum zai gaisa da shi ya fita, ya dawo bayan 'yan mintuna ya tarar bai san shi ba. Brenda Milner ta ba shi wani aiki, ya bi layin hoton tauraro da fensir alhali ba ya ganin hannunsa sai ta cikin madubi, aikin da yake rikita kowa da farko domin madubi yana juya komai. Kwana uku yana yi, kurakuransa suna raguwa kullum har hannunsa ya faɗa, amma kowace safiya sai ya ce bai taɓa ganin wannan aiki ba. Wato ilimin da ake faɗa da baki, kamar sunaye da labarai da darussan aji, ta hifokamfus yake fara bi, shi kuwa ilimin hannu, kamar tuƙa keke ko ɗinki, waɗansu sassa ne daban suke ɗaukarsa. Tunda kuma tsofaffin abubuwansa ba su ɓace ba, ke nan hifokamfus ba ma'ajiyar dindindin ba ce, a hankali ake miƙa abin da ya ɗauka zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda yake zama ya haɗu da abin da mutum ya riga ya sani.

Babban rabo na wannan miƙawa a cikin barci ake yin sa. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin hifokamfus da suka yi aiki tare lokacin da ɓera yake zagaya wani wuri sukan sake tashi tare a lokacin da yake barci, tamkar ana yi masa bitar abin da ya wuce da rana. A 2017 kuma aka auna dubban mahaɗai a ƙwaƙwalwar ɓeraye, aka ga bayan barci girmansu ya ragu da kimanin kashi 18 cikin ɗari, ban da mafiya girma da ba su motsa ba. Ke nan barci yana bita, yana kuma shara. Ɗalibin da ya hana idonsa barci domin ya ƙara sa'o'in karatu, da hannunsa ya rage wa abin da ya karanta damar zama.

Akwai sauyi na uku da ba a cika ambata ba, wanda ya shafi igiyoyin da ke ɗaukar saƙo. Waɗansu ƙwayoyi na daban suna naɗe igiyoyin da wani farin kitse mai suna mayelin, kuma igiyar da aka naɗe da kyau tana iya kai saƙo da gudun da ya haura mita ɗari a daƙiƙa, alhali marar naɗi ba ta wuce mita ɗaya ko biyu. A 2014 a Landan aka hana ɓeraye ƙera sababbin ƙwayoyin da ke yin wannan naɗi, sai suka kasa ƙwarewa a gudu kan wata ƙafar juyi da aka cire wa waɗansu matakai. Wannan aiki ne na makonni da watanni, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa saurin karatu ko saurin hannu ba ya samuwa sai da daɗewa a kan abu.

A wajen mutane ba a iya leƙa mahaɗa ɗaya ɗaya, sai dai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI a auna sassa. Binciken da ya fi shahara shi ne na Eleanor Maguire a kan direbobin tasi na Landan, waɗanda a lokacin ba a ba su lasisi sai sun haddace tituna kimanin dubu 25, karatun da yake cin shekara uku zuwa huɗu. A 2000 ta nuna cewa bayan hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Sai aka ce ai mai yiwuwa masu irin wannan ƙwaƙwalwar ne tun asali suke zaɓar sana'ar, don haka ta bi masu neman lasisin su 79 tun daga farkon karatunsu. A sakamakon da ya fito a 2011, su 39 da suka ci jarrabawar sashen nasu ya ƙaru, waɗanda suka faɗi ko suka bari kuwa bai sauya ba. Dukansu manya ne, ba yara ba. An kuma lura cewa ƙwararrun direbobin sun ɗan gaza sauran mutane a wani gwaji na tuna sabon zane mai sarƙaƙiya, abin da ke nuna cewa ƙwarewa tana da farashinta. A Jamus kuma a 2004 an koya wa matasa wasan cilla ƙwallaye uku ana cafewa, bayan wata uku sashen da ke bin motsin abu da ido ya ƙaru, da suka daina na wata uku sai ya fara komawa. Sai dai a yi hattara da irin waɗannan hotuna da jaridu suke son bugawa, domin na'urar ba ta faɗin ko mahaɗai ne suka ƙaru, ko jijiyoyin jini, ko ƙwayoyin da ke tallafa wa na jijiya.

Mu zo kan batun shekaru. Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, suna kuma cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma bincike ya ba kowace magana gaskiyarta a fagenta. Jariri yakan gina mahaɗai fiye da yadda zai buƙata, kamar yadda Peter Huttenlocher ya ƙirga a Chicago a 1979, sannan a riƙa sassabe waɗanda ba a amfani da su har zuwa bayan balaga. A cikin wannan lokaci akwai ƙofofin da suke buɗewa su rufe. David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya a watanninsu na farko, da aka buɗe sai aka tarar idon lafiyarsa ƙalau amma ƙwaƙwalwa ta ba ɗaya idon wurinsa, alhali babbar kyanwa da aka yi wa haka ba ta rasa komai ba. Dalilin da ya sa likitoci ba sa jinkirta aikin yanar ido ga jaririn da aka haifa da ita ke nan. Haka sautukan harshe suke. A 1984 Janet Werker ta nuna cewa jarirai 'yan wata shida zuwa takwas suna bambanta sautukan harsunan da ba su taɓa ji ba, amma kafin su cika shekara yawancinsu sun daina. Shi ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma yake fama da bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, mu ma da yawanmu muke fama da p da f a Turanci.

Amma waɗannan ƙofofi na gani ne da ji da lafazi. Ilimin da kake nema a jami'a ba ya cikinsu, domin makarɓin NMDA da ƙera furotin da tsirar ƙayoyi suna aiki har tsufa, ko da yake saurinsu yana raguwa. A 2010 Stanislas Dehaene ya duba ƙwaƙwalwar manya 63 a Burazil da Fotugal, waɗansu ba su iya karatu ba, waɗansu sun koya a ƙuruciya, waɗansu kuma sai da suka girma suka shiga ajin yaƙi da jahilci. Waɗanda suka koya da girma, sashen gefen hagu da ke gane rubutu ya kafu a wurinsu a daidai inda yake ga waɗanda suka koya tun suna yara. Masu jinyar shanyewar ɓarin jiki ma da wannan suke dogara, domin gashi da motsa gaɓa a kai a kai yana sa sassan da suka tsira su karɓi wani ɓangare na aikin waɗanda suka lalace, kuma galibin majinyatan dattawa ne.

A ganina, kwatancin da ka yi tsakanin surorinka da karatun jami'a bai yi wa ƙwaƙwalwarka ta yau adalci ba. Surorin nan ba a dare ɗaya ka haddace su ba. Ka biya, ka wanke allo, ka kwana, ka sake biyawa, ka kawo hadda a gaban malam ba tare da duba rubutu ba, sannan shekara talatin da wani abu kana karanta su a salla. Da za ka yi wa darasin jami'a rubu'in wannan hidima, da ka ga bambanci. Tsarin tilawa da muraja'a ya ƙunshi abubuwa biyun da bincike ya fi tabbatarwa, wato tazara da kuma fito da abu daga ka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani nassi, waɗansu suka karanta shi a zama huɗu, waɗansu suka karanta a zama ɗaya sannan suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kuma su ne suka fi amincewa da kansu. Bayan mako guda suka tuna kashi 40 cikin ɗari, masu rufe takarda suka tuna kashi 61. Idan ido yana bin rubutu, takarda ce take kawo amsar, amma idan ka rufe littafi ka ƙoƙarta tunowa, hanyoyin da za ka buƙata ranar jarrabawa su ne suke aiki tare, su ne kuma suke ƙarfafa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne hankali ya kasance a wurin. A gwaje-gwajen da aka yi a ɗakin binciken Michael Merzenich, birai sun riƙa jin sauti da taɓi a yatsa a lokaci guda, amma sashen ƙwaƙwalwar da ya faɗaɗa shi ne na abin da aka sa su lura da shi domin samun lada, ɗayan kuwa bai sauya ba duk da cewa saƙonsa yana shiga. Sinadarai irin su dofamin, wanda yake tashi idan sakamako ya zarce abin da aka zata, su ne suke yi wa mahaɗai alamar cewa wannan ya cancanci ajiya. Karatu da waya a hannu ana duba saƙonni yana rasa wannan alama. A matsayinka na malamin yara kuma, ka san cewa tsoro ma yana kafa darasi da ƙarfi, sai dai abin da yake kafawa shi ne tsoron, kuma an ga matsin da ya daɗe yana tsuke rassan ƙwayoyin hifokamfus a dabbobi. Kada kuma ka kashe kuɗi a kan wasannin waya da ake tallatawa da sunan ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. A 2010 an gwada su a kan mutum fiye da dubu 11 a Birtaniya na mako shida, suka ƙware a wasannin, amma ƙwarewar ba ta haye zuwa sauran ayyukan tunani ba, domin mahaɗan da aka yi aiki da su ne kawai suke sauyawa.

Mantuwar da ka bayyana irin ta kowa ce. Wadda take buƙatar ganin likita ita ce idan mutum ya fara ɓata a hanyar da ya saba, ko yana maimaita tambaya ɗaya a zama guda, ko iyalinsa suka lura ya sauya, ko abin ya zo farat ɗaya. Ko a nan ma sau da yawa akan tarar da dalilin da ake iya magancewa, kamar rashin barci mai daɗewa, ko ciwon damuwa, ko ƙarancin sinadarin B12, ko raunin aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayiroid, ko illar wani magani da mutum yake sha.